Lu'ulu'u Bakwai a Cikin Jan Bulo

Ranar da Dakta ta sauko ɗakin niƙa da rabin jan bulo a hannunta, Kawu ya ɗauka ƙofa za ta tokare da shi. Sai ta ajiye masa a kan tebur kusa da sikeli, ta karkaɗe hannu.

"Kawu, wannan za ka niƙa mini. Yadda kake yi wa duwatsun Farfesa, haka za ka yi masa. Kada ka tsallake komai."

"Daga ina ya fito?"

"Daga katangar bayan ofis, inda ta rushe."

Ya juya bulon, ya ga sauran siminti manne a gefe. Bai tambayi dalili ba. Shekara ashirin da uku ke nan yana aiki a wannan ɗaki na ƙasan bene, a sashen nazarin duwatsu na jami'a, kuma tambaya ba ta cikin aikinsa. Ɗalibai ne suka laƙaba masa Kawu tun kansa bai yi furfura ba, sunan ya bi shi har unguwarsu.

Aikinsa guda ne, amma mai tsawo. A kawo dutse cikin buhu, ya wanke, ya shanya, ya zuba a injin da ke murƙushe shi tsakanin faranti biyu na ƙarfe. Ya tankaɗe garin. Ya zuba shi a wani ruwa mai kauri, marar nauyi ya taso, mai nauyi ya kwanta. Abin da ya kwanta ya jiƙa shi a asid kwana da kwanaki, har daga kilo goma na dutse abin da zai rage ba zai rufe farcen ɗan yatsa ba. Wannan ɗan ragowar yake bazawa a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, ya riƙa tonawa da silin gashi guda da ya liƙa a kan tsinken ashana.

A cikin irin wannan ragowar ne, shekara goma sha bakwai da suka wuce, ya ga wasu ƙwayoyi rawaya masu sheƙi, ba su kai ƙwayar gishiri ba. Duwatsun Farfesa ne, baƙaƙe masu huji-huji, waɗanda ya ɗebo da kansa daga gangaren wani dutse mai aman wuta, tafiyar kwana biyu a mota. Da aka gwada ƙwayoyin sai suka tabbata lu'ulu'u ne.

Abin ya ta da ƙura, domin a sanin kowa lu'ulu'u can ƙarƙashin ƙasa yake samuwa, zurfin fiye da kilomita ɗari da hamsin, inda nauyi da zafi suke matse shi, kuma wani nau'in dutse na musamman ne kaɗai ke ɗauko shi zuwa sama. Dutsen Farfesa kuwa gama-gari ne. Sai Farfesa ya ce ba daga zurfi waɗannan suka zo ba, a cikin iskar aman wutar suka haɗu, daf da fuskar ƙasa, cikin ɗan lokaci. Wasu suka yarda, wasu suka ƙi. Aka riƙa gayyatarsa taro ƙasa-ƙasa. Ƙwaya ɗari huɗu da goma sha biyu aka tara a shekarun nan, kuma babu wadda ba silin gashin Kawu ne ya ɗauko ta ba. Ita kanta Dakta a kansu ta yi digirinta na uku, a hannun Farfesa. Da ya samu shanyewar ɓarin jiki shekara biyu da suka wuce, ita aka damƙa wa ɗakin gwajin.

Sai a kwana na uku, garin bulon yana cikin asid, ta sake saukowa. Ta jawo kujerar roba ta zauna, abin da ba ta saba yi ba.

"Ka tuna ƙwayoyi ashirin ɗin da na aika waje a duba cikinsu?"

"Na tuna. Ni na shirya su."

"Sakamako ya zo." Ta dubi takardun da ke cinyarta, ba ta buɗe su ba. "Ka san lu'ulu'u kabon ne, ɗan'uwan gawayi, sai ɗan naitirojin da ke maƙale a ciki. Idan ya daɗe a zafin ƙasa, miliyoyin shekaru, naitirojin ɗin yakan taru bibbiyu, hurhuɗu. A namu kowanne shi kaɗai yake zaune, shi ya sa suke rawaya. Wannan mun sani tuntuni. Farfesa ya ce ai sababbi ne, ba su kwana a ƙasa ba."

"Haka yake faɗa."

"To, yanzu sun tsaga su. A cikin kowace ƙwaya akwai ɗigon ƙarfe, nikel da manganis, a gauraye daidai yadda masana'antu ke gauraya su in za su haɗa lu'ulu'un da ake sa wa zarto da kayan haƙa."

Kawu ya goge hannunsa a rigar aiki. "Amma ba mu taɓa sa wa duwatsun nan zarto ba. Farfesa ya hana. Da guduma nake fasa su."

"Na sani. Shi ya sa na kawo bulo. In bulo ya fito wayam, sai mu ci gaba da gardama da su."

Garin bulon ya cika kwana tara a asid. Da safiyar na goma ya wanke ragowar, ya busar, ya baza a kan gilashi, ya kunna fitilar madubi. Bai yi minti biyar yana tonawa ba ya ga ta farko. Rawaya, mai kusurwa tsaf, kamar an yanka ta da awo. Ya sa silin gashi ya ture ta gefe. Ya ga ta biyu. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya ya jera bakwai.

Ya ƙirga su sau biyu. Ya zuba su a ƙaramar kwalba, ya rubuta kwanan wata da kalmar "bulo" da lamba bakwai, da rubutunsa mai kyau da ɗalibai ke yabawa. Ya kashe fitila. Ya tsaya yana jiran ya ji gabansa ya faɗi, ko ƙafarsa ta yi sanyi, bai ji komai ba. Da ya ga lokacin cin abinci ya yi, sai ya buɗe kwanon da matarsa ta zubo masa, ya cinye tas, ya wanke kwanon, sannan ya hau sama ya ƙwanƙwasa ƙofar Dakta.

Ta daɗe a kan madubin. Da ta ɗago, shatin bakin madubin ya fito zagaye da idanunta.

"Kawu, ka tabbata ka wanke injin?"

"Kamar kullum. Sau uku, da burushi da iska."

"To ta ina suke shiga?"

Suka bi ɗakin abu-abu. Rariya, kwalabe, ruwan nauyi, har tsumman goge tebur. Ta ce za ta ɗauki samfurin kowanne a gwada, ta koma sama. Shi kuma ya tsaya gaban injin, ya ɗora tafin hannu a kan farantin ƙarfen, don kawai ba shi da wani abin yi. Farantin sumul yake. Duk wata uku yakan kwance shi ya goge kwarin da dutse ya ci, domin ya riƙa niƙa daidai. Ba wanda ya sa shi, shi ya ga ya dace, kuma Farfesa yakan nuna wa baƙi injin ya ce su dubi yadda ake riƙon kayan aiki.

Ya buɗe durowar ƙasa ya ɗauko faifan da yake gugar farantin da shi. Ya kankare gefensa da wuƙa a kan gilashi mai tsabta, ya tura ƙarƙashin madubi. Ga su nan birjik, ɗaruruwa, rawaya, masu kusurwa tsaf. Ya san fuskarsu kamar yadda ya san ta 'ya'yansa. Ashe gugar ce ke dasa su a jikin ƙarfen, inda burushi ba ya kaiwa, sai dutse ya zo ya kwashe su ɗaya-ɗaya.

A saman kabad akwai littattafan aikinsa, guda goma sha ɗaya, inda yake rubuta abin da ya yi kowace rana. Ya sauko da na huɗu, ya hure ƙura. Bai sha wahalar nema ba. "Na daina amfani da magagari. Na samo faifan guga a shagon masu walda, ya fi sauri." Ya buɗe shafi goma sha tara gaba. "Ƙwayoyi rawaya guda uku, masu sheƙi. Na kira Farfesa."

Ya sa takarda a shafukan biyu, ya haɗa da faifan, ya sake hawa sama. Dakta ta karanta na farko, ta karanta na biyu, ta koma na farko.

"Da ka bar wannan a saman kabad, ba mai sani," in ji ta, a hankali.

"Ai a rubuce yake."

"Zauna, Kawu."

"Na bar ruwa a buɗe a ƙasa," ya ce, ya juya. Bai bar ruwa a buɗe ba.

Da yamma ya shiga bas ɗin da ya saba shiga, ya sauka inda ya saba sauka. Matarsa tana shagonta na zare da maɓallai a bakin layinsu, tana shirin rufewa. Ya taya ta shigar da benci. Tsohuwar zolaya ce tsakaninsu, tun shekarar da hoton ƙwayoyin ya fito a jarida: in ya dawo takan ce masa mai lu'ulu'u, yau ma ba a rago mata na zobe ba? Ta faɗa yau ma, tana laluben makulli a jaka.

"Ba na dutse ba ne," ya ce.

"Me?"

"Lu'ulu'un. Daga faifan da nake goge injin suke fitowa. Na masana'anta ne. Duka."

Ta tsaya da makullin a hannu. "Tun yaushe?"

"Tun farko."

"Malam, shekara goma sha bakwai fa."

"Eh."

Ta dube shi sosai, irin duban da take yi wa yadi in tana neman inda ya yage. "Za su kore ka?"

"Ban sani ba. Ba na jin za su yi."

"To kai yaya kake ji?"

Ya yi tunani da gaske, domin ba ya son ya yi mata ƙarya. "Kamar an ba ni labarin wani," ya ce. Suka taka zuwa gida. Ya gyara famfon bayan gida da ya kwana biyu yana ɗiga, ya amsa wayar autarsu da ke makarantar koyon jinya, ya ce mata kowa lafiya.

Dakta ta so ta je gidan Farfesa ita kaɗai. Kawu ya ce a'a, hannunsa ne ya yi, bakinsa ne zai faɗa. Suka je ranar Asabar da hantsi. Matar Farfesa ta shigar da su falo, inda yake zaune a keken guragu kusa da taga, hannunsa na dama kwance a cinya kamar ba nasa ba. A kan wata kanta akwai baƙin dutse guda cikin akwatin gilashi, da lambobin yabo uku. Ya rame, amma idanun suna nan yadda suke.

Kawu ya rusuna ya gaishe shi. Sannan ya faɗi abin da ya zo faɗa, a jere, kamar yana karanta littafin aiki: bulo, kwana tara, faifai, shafukan biyu. Dakta ta ƙara da maganar nikel da manganis. Farfesa bai katse su ba. Maganarsa yanzu da ƙyar take fita, kalma-kalma, ta gefen baki.

"Nawa... a bulon?"

"Bakwai, ranka ya daɗe."

"Kilo nawa?"

"Ɗaya da rabi."

Farfesa ya rufe ido. Kawu ya san lissafi yake yi. Da ya buɗe sai ya ce, "Ya fi... dutsena... arziki." Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, mai kama da dariya, mai kama da tari. Matarsa ta matso da ruwa, ya kawar da kai.

"Ka yafe mini, ranka ya daɗe," in ji Kawu. Ya ji kalmomin sun fita daidai, amma kamar daga rediyon maƙwabta.

"Na taɓa... ce maka... ka niƙa bulo?"

"A'a."

"Sau ɗaya... a shekara sha bakwai?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To." Ya daɗe yana kallon taga. Wata mota ta wuce a waje, sannan wata. "Na so... su zama gaskiya. Shi ya sa... ban ce ba." Ya juya ga Dakta. "'Yata. Ki rubuta. Kafin... wani ya rubuta."

"Digirina ma a ciki yake, Baba."

"Na sani." Ya ɗaga hannun hagu ya nuna Kawu. "Sunansa... a sama. Da namu. Shi ya gano."

A mota Dakta ta kifa kai a sitiyari ta yi kuka, mai sauti, kamar ƙaramar yarinya. Kawu ya zauna a gefenta yana kallon wani mutum da ke wanke tayar babur a tsallaken titi. Ya ga mutumin ya manta bai wanke ta baya ba. Da ta gama ya miƙa mata hankici, ta tuƙa su suka koma.

Ba su rubuta nan take ba. Dakta ta ce sai an sake gwajin da hannu mai tsabta, kada a gudu daga kuskure a faɗa wani. Aka sayo sabon turmin ƙarfe da faifai bai taɓa taɓawa ba, aka ware ɗaki dabam a hawa na biyu, aka ɗauko sauran duwatsun Farfesa daga sito, buhu talatin da ɗaya. Wata takwas Kawu yana daka da hannu, yana tankaɗe, yana jiƙawa, yana tonawa. Duk ranar da zai duba ragowa Dakta takan zo ta tsaya a bayansa. Ya san abin da take fata, shi ma ya nemi fatan a ransa bai same shi ba. Buhu talatin da ɗaya, ko ƙwaya ɗaya ba ta fito ba.

Takardar ta fito shafi huɗu, da sunaye uku. Wasiƙu suka zo. Wasu sun yaba, wasu sun ce dama sun faɗa. Wani masani daga nesa ya rubuto cewa ya je ya niƙa dutsen bakin titi a nasa ɗakin gwajin, shi ma ya samu biyu. Jami'a ta kafa kwamiti, aka kira Kawu sau ɗaya, ya kai littattafansa goma sha ɗaya, aka duba aka mayar masa. Ba a kori kowa ba, ba a karɓe digirin Dakta ba, sai dai an rufe aikin, ɗalibai biyu suka canja abin da suke bincike a kai. Tun kafin a buga takardar Farfesa ya sa aka karanta masa ita sau biyu, ya gyara waƙafi guda, bai sake tayar da maganar ba. Kawu yakan je gaishe shi duk ƙarshen wata, su zauna su kalli taga. Yanzu yawancin abin da ake kawo masa ɗakin niƙa kankare ne daga sashen injiniyoyi, a gwada ƙarfinsa.

Saura kwalaben da aka tara ƙwayoyin a ciki. Dakta ta ce kada a zubar, a canja musu takarda kawai, a rubuta abin da suke. Ya ɗauki ranar Juma'a da Asabar yana yi. Ran Asabar ɗin, wajen ƙarfe uku, ya ji takun da ba na ɗalibi ba a matattakala. Matarsa ce, da jakarta a hammata, tana haki.

"Na rufe shago da wuri," ta ce. "Mai gadi ya nuna mini hanya. Ashe a rami kake aiki."

Ba ta taɓa zuwa ba. Ta dubi injin, ta dubi buhunan kankare, ta shafa tebur ta duba yatsanta. Sannan ta ce ya nuna mata ƙwayoyin.

Ya zazzage kwalba guda a gilashi, ya kunna fitila, ya rage mata tsayin kujera. Ta rufe ido ɗaya, ya ce ta buɗe duka biyun. Ta ce duhu kawai take gani. Ya kama kanta a hankali ya matsar da shi baya kaɗan, ya murɗa maɓallin gefe.

Ta gyara zama, ta ƙura ido.

"Waɗannan ka ɗauko da gashi? Ɗaya-ɗaya?"

"Eh."

"Ni da zare nake fama da allura, ina ganin na iya." Ba ta ɗago ba. "Suna da kyau, Malam. Ban zaci haka suke da kyau ba."

Kawu ya buɗe baki zai ce na masana'anta ne, sai abin da ya daɗe yana jiran ya ji ya taso masa. Ya juya ya kama bakin kabad da hannu biyu. Abin bai daɗe ba, ya zo ya tsaya masa a ƙirji kamar numfashi biyar, ya wuce. Ita kuwa ta ci gaba da kallon madubi, ko ta lura ba ta nuna ba.

"Saura nawa ka gama?" ta tambaya.

"Kwalba goma sha shida."

"Kawo in riƙa liƙa maka, kai kana rubutawa. In mun yi sauri za mu samu bas ɗin ƙarfe biyar."

Ya tura mata gam da almakashi, ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya cire murfin biro.